Uwargida, Wane Irin Ciwon Kai Ne Naki?

   

Yau a kan ciwon kai za mu tattauna. Na san wata za ta ce, "Ciwon kai kuma? Ai wannan abincin yau da gobe ne." Da gaskiyarki, ciwo ne ruwan dare gama duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum 40 cikin kowane 100 na fama da wani nau'i na ciwon kai. To, yawan nan nasa shi ya sa muka raina shi. Da zarar kai ya sara sai a ƙwala wa yaro kira, a danƙa masa kuɗi, "Maza je ka kemis ka ce a ba ka maganin ciwon kai." Mai kemis bai ga mai ciwon ba. Bai san ko tana da juna biyu ba, bai san ko tana da olsa ko hawan jini ba. Zai ƙulle ƙwayoyi kala-kala a leda ya miƙo, ke kuma ki kora da ruwa.

Ke da kike cikin gida, bayanin ciwonki ta bakin wani yake fita, ko ta bakin yaro ko ta bakin maigida. In abin da kika faɗa bai wuce "kaina ke ciwo" ba, abin da zai isa waje ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka abin da nake so mu tashi da shi yau shi ne ki iya gane irin ciwon kan da ke damunki, ki iya faɗinsa dalla-dalla, domin iri biyun da suka fi addabar mata kowanne da hanyar maganinsa.

Na farko shi ne wanda za mu kira ciwon kan gajiya, wasu su ce na damuwa. Shi ya fi kowanne yawa. Ki tuna ranar da kika tamke ɗaurin ɗankwali don zuwa biki, kika wuni da shi bai sauka ba. To haka yake. Matsi ne da nauyi, kamar an zagaye kan da igiya ana ja a hankali. Yana kama duka ɓangarorin biyu, goshi da gefe da gefe da ƙeya, wani lokaci ya gangaro dokin wuya da kafaɗu. Ba ya bugawa kamar ganga, ba ya sa amai. Yana da takura, amma za ki iya tuƙa tuwonki, ki yi shararki, ki yi wa yara wanka da shi. Yakan tsaya minti 30 ya wuce, yakan wuni, wani sa'in ya yi ta ja har kwana 7.

Me ke tayar da shi? Yawanci abubuwan da muke yi kullum ne. Daɗewa a sunkuye kan ɗinkin hula ko saƙa ko keken ɗinki, tsintar shinkafa, wanki a duƙe, zura wa waya ido da daddare. Sai rashin isasshen barci, musamman ga mai goyo. Sai yunwa da ƙishirwa, irin na macen da sai kowa ya ci kafin ta tuna da cikinta. Sai kuma uwa uba damuwa: kuɗin cefane bai kai ba, yaro ba lafiya, zaman gida ya ƙi daɗi, ga magana a ciki babu wurin amayar da ita. Wata har cije haƙora take yi cikin barci ba ta sani ba. Kitson da aka ja shi da ƙarfi ma yana sa kai ciwo, kun san wannan ba sai na faɗa ba.

Na biyu shi ne ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Wannan kam wadda ta san shi ba ta haɗa shi da komai. Sara yake yi, yana bugawa tare da bugun zuciya, dum, dum, dum, sau da yawa a ɓari ɗaya, a bayan ido ko gefen goshi. Amma kada sunan ya ruɗe ki, akwai waɗanda yake kama musu kan gaba ɗaya, akwai kuma wadda yau dama, wani karon hagu. Yana zuwa da tashin zuciya, har da amai. Hasken rana ya zama abokin gaba, ƙarar turmi ko ta rediyo ko ihun yara ya zama kamar ana buga miki guduma. Ƙamshin da kike so jiya, yau ba kya son jin sa. Kuma duk motsin da kika yi ƙaruwa yake. In ba a yi magani ba yakan ɗauki awa 4 har zuwa awa 72, wato kwana 3 cur. Bayan ya sauka ma sai ki ji jikinki kamar an yi miki duka.

Wasu yana aiko musu da saƙo tun kwana ɗaya ko biyu kafin ya iso: yawan hamma, saurin fushi, kwaɗayin wani abinci, ko wuya ya riƙe. Wasu kuma, kamar ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon, suna ganin abin da ke tsorata su dab da zuwansa. Sai ki ga walƙiya-walƙiya a ido, ko wani zane mai ƙyalli kamar haƙoran zarto yana faɗaɗa, ko wani yanki na abin da kike kallo ya ɓace. Wata za ta ji kamar tururuwa na bin yatsunta, ta haura hannu har leɓe. Wannan yana tasowa ne a hankali, ya ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya, ya wuce, sannan ciwon kan ya biyo baya. Mu riƙe masa suna, mu ce gargaɗin ciwon, don zan dawo kansa.

Na san a gidaje da yawa da an ji wannan sai a ce iska ce, ko an yi mata jifa. 'Yar uwa, wannan alama ce da likitoci suka daɗe da sani, daga ƙwaƙwalwa take. Ciwon ɓarin kai larura ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, masu saurin harzuƙa fiye da na sauran mutane, kuma yana bin jini. Ki bincika, da wuya ki rasa mai irinsa a danginku, ko mahaifiya ko goggo ko inna. Ki yi addu'arki, ki kuma nemi magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ga tambayoyi biyar da za ki yi wa kanki duk ranar da kai ya motsa. Ta ɗaya, ɓari ɗaya ne ko ko'ina? Ta biyu, sara yake ko matsi? Ta uku, in na sunkuya ɗaukar tsintsiya ko na yi 'yar tafiya a tsakar gida, ƙaruwa yake ko yana nan yadda yake? Ta huɗu, akwai tashin zuciya, ko ƙin haske da ƙara? Ta biyar, ya hana ni aiki ko ina iya lallaɓawa? In amsoshinki sun karkata ga sara, da ƙaruwa da motsi, da tashin zuciya, da neman ɗaki mai duhu, to ciwon ɓarin kai ne ya fi kusa. In matsi ne ko'ina kuma kina iya hidimarki, na gajiya ne. Mace ɗaya tana iya samun duka biyun, yau wannan, wani mako wancan.

Ciwon ɓarin kai ya fi kama mata fiye da maza, ninki biyu zuwa uku. Babban dalili shi ne sinadarin jikin mace da ake kira istirojin, wanda ke hawa yana sauka a cikin wata. Saukarsa dab da al'ada ita ke tayar wa mata da yawa ciwon, daga kwana 2 kafin jini ya zo zuwa kwana 3 na farkonsa. Shi ya sa da yawa suke samun sauƙi in ciki ya wuce wata 3, sai bayan haihuwa ya dawo, kuma yakan lafa bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya.

A nan zan roƙi arziki wurin uwar miji, da abokiyar zama, da facala. In kun ga ɗayarku ta shige ɗaki ta saki labule ta ce ba ta son motsi, alhali jiya lafiya lau take, kada ku ce son jiki ne ko gudun girki. Haka ciwon yake, ya zo ya kayar da mutum, ya tafi kamar ba a yi ba. Ba ya fitar da jini balle a gani a tausaya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki karɓar mata girkin yau, ki janye yara daga ƙofarta, ranar taki ita ma za ta tuna.

To, mu zo ga magani. Ciwon kan gajiya sau da yawa ba ya ma buƙatar ƙwaya. Ki sha ruwa, ki sa wani abu a cikinki, ki sassauta ɗankwali. Ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki ɗora a dokin wuya, ko ki sa 'yarki ta mammatsa miki kafaɗu. In aikin sunkuyo kike yi, ki riƙa miƙewa lokaci-lokaci kina juya wuya a hankali, kina zaga tsakar gida. In bai sauka ba, farasitamol ya isa, wanda muka fi sani da Panadol. Babbar mace tana shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, kada ta sake sai bayan awa 4 zuwa 6, kuma kada ta wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, domin wuce haka yana lalata hanta. Ki lura, yawancin magungunan mura ma akwai farasitamol a cikinsu, kada ki haɗa biyu ba ki sani ba. Damuwar da ke ciki kuwa ƙwaya ba ta ɗauke ta. Ki sami wadda kika amince da ita ki fitar da abin da ke ranki.

Shi kuwa ciwon ɓarin kai, sirrinsa sammako. Da kin ji ya fara, a lokacin za ki sha magani, kada ki ce bari in ga ko zai wuce. In ya riga ya kankama, ciki kansa yana rage aiki, ƙwayar ta daɗe ba ta shiga jiki ba, ko ma ki amayar da ita. Ibufurofen, wanda wasu suka sani da Brufen, miligiram 400, ko asfirin, sukan fi farasitamol tasiri a kansa. Sai ki shiga ɗaki mai duhu, ki ɗora tsumma mai sanyi a goshi, ki samu ki yi barci, don barci na daga cikin abin da ke yanke shi. In amai ya yi yawa akwai maganinsa da likita zai haɗa miki.

Amma fa a kula. Ibufurofen da asfirin ba na kowa ba ne. Mai olsa ko ciwon ƙoda ta nisance su, mai asma ta tambayi likita tukuna, kuma a sha su bayan an ci abinci. Mai ciki ta tsaya a kan farasitamol, kada ta sha wani abu sai da izinin malaman awo. Mai shayarwa tana iya shan farasitamol ko ibufurofen. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

In waɗannan sun gaza, akwai maganin da aka yi musamman don ciwon ɓarin kai, sunansa sumatiriftan. Likita ne ke rubuta shi, domin bai dace da mai ciwon zuciya ba, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wadda kuma ciwon ke kayar da ita kamar kwana 4 ko fiye a wata, akwai na rigakafi da ake sha kullum, irin su furofaranolol da amitiriftilin. Suna buƙatar haƙuri, sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin a san ko sun karɓe ki. Ki gaya wa likita in kina da ciki ko kina neman sa, don wasu magungunan rigakafin suna cutar da ɗan tayi.

Ga wata magana mai nauyi, ku matso kusa. Duk wadda ke samun gargaɗin nan da na ambata, na walƙiya a ido ko tururuwa a hannu, kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin, domin haɗuwarsu na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti tun kafin ta ba ki, akwai wasu hanyoyin da suka dace da ke.

Yanzu sai tarkon da mata da yawa suka faɗa ba su sani ba. Shi maganin ciwon kai, in aka mai da shi na kullum, shi da kansa yana haifar da ciwon kai. Wadda ke shan farasitamol ko ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, ko mai shan waɗanda aka gauraya da sinadarin kafin irin na goro da kofi, ko sumatiriftan, kwana 10 ko fiye a wata, in ta haura wata 3 a haka, sai ta wayi gari kullum da ciwon kai take tashi. Ta sha ya lafa, ƙwayar ta sake ta ya dawo, ta ƙara. Garin neman ƙiba an samo rama. Maganin wannan shi ne a dakatar da ƙwayar. Kan zai ƙara tsananta na wasu kwanaki, wani lokaci har mako 2, sannan ya fara sauƙi. Ki riƙe wannan ma'auni: kada shan maganin ciwon kai ya wuce kwana 2 a mako.

Kodin da tiramadol kuwa, ina roƙonku da babbar murya, ku bar su. Ba su ne maganin ciwon ɓarin kai ba, suna saurin kama mutum, kuma suna bi ta nono su isa ga jariri. Kun tuna a shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi, har a cikin gidajen aure. Da yawa daga "ƙawata ce ta ba ni don ciwon kai" suka fara. Wadda ta riga ta saba da su kada ta yanke lokaci ɗaya ita kaɗai, ta nemi likita ya janye ta a hankali, ba abin kunya ba ne.

Rigakafi ya fi magani, kuma kan mai ciwon ɓarin kai tsari yake so. Lokacin barci ɗaya, lokacin tashi ɗaya, cin abinci a kan kari, shan ruwa sosai musamman da bazara. Ki lura da abin da ke tayar miki da naki, don kowa da nata. Wata turaren wuta ne ko humra mai ƙarfi, wata hayaƙin murhu, wata zafin rana, wata kwanan biki. Mai cin goro ko shan shayi da yawa, ranar da ba ta samu ba kai zai sara. Shi ya sa farkon azumi yake yi wa wasu wuya. Ki fara ragewa kaɗan-kaɗan tun cikin Sha'aban, kada ki bar sahur, ki kuma rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba.

Yaya za ki san lissafin kwanakin? In kina rubutu, boko ko ajami, ki sa alama a kalandar bango: ranar ciwo, ranar shan ƙwaya, ranar al'ada. In ba kya yi, ki sami gwangwani biyu. Duk ranar ciwo ki jefa wake ɗaya a na farko, duk ranar da kika sha magani ki jefa ɗaya a na biyu. Ƙarshen wata ki ƙirga. Ranar da kika je asibiti kika ce, "Likita, kwana 6 ya kama ni a watan nan, ɓarin hagu, da amai, 3 daga ciki dab da al'ada," kin yi masa rabin aiki.

Saura abu na ƙarshe, kuma ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Akwai ciwon kan da ba na gajiya ba, ba kuma na ɓarin kai ba, wanda ba a kwana da shi a gida. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, irin wanda ba ki taɓa ji ba. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, wannan alamar sanƙarau ce, kuma iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta ci rai fiye da 11,000 a Nijeriya. Ciwon kai da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana, ko ruɗewa, ko suma. Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko buguwa a ka. Sabon ciwon kai ga wadda ta haura shekara 50, ko wanda kullum gaba yake yi. Gargaɗin nan na ido ma, in karon farko ne, ko ya wuce awa ɗaya, a je a duba. Zazzaɓi da ciwon kai kuwa a yi gwajin maleriya kafin a sha magani.

Mai ciki da ya kai wata 5, da mai jego, ku buɗe kunne. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwo a saman ciki, yana iya zama hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Rai biyu ne a kan layi, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Haka nan in ke da yara kuka tashi duk da ciwon kai da jiri a ɗakin da aka kwana da kaskon gawayi, ko janareta na aiki kusa da taga, ku fita iska nan take, gubar hayaƙi ce marar wari, tana kisa cikin barci.

Saboda irin waɗannan, 'yar uwa, kada ki jira sai ranar ta zo. Ki sami lokacin da maigida yake cikin nishaɗi, ki zauna ki lissafa masa alamun nan. Ku yi magana a gama: in ɗaya ta faru ba ya gida, kin sami izinin fita tun yanzu, ga wadda za ta raka ki, ga lambar mai a-daidaita-sahun da za a kira, ga ɗan abin da aka ajiye don haka. Iyayen gida maza da ke saurarenmu ta bayan labule, mun san kuna ji, a taimaka a ba da wannan izini tun kafin a buƙace shi. Jiran dawowarku daga kasuwa yana iya zama jinkirin da ba a gyara shi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a kai wa maƙwabciya ko ta kan katanga ne. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.